Sauya mataimaki kafin neman wa'adi na biyu: ribar da ake hange da asarar da ba a lissafawa

Mutanen Kaduna sun ga mataimaki ya wayi gari yana gwamna har sau uku. A watan Yunin 1981 majalisar dokoki ta tsige Abdulƙadir Balarabe Musa, Abba Musa Rimi ya hau. A Mayun 2010, bayan rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, Goodluck Jonathan ya ɗauki Namadi Sambo ya zama mataimakinsa, sai Patrick Ibrahim Yakowa ya shiga Gidan Sir Kashim Ibrahim, gidan gwamnatin jihar. A Disamban 2012 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da Yakowa a Bayelsa, Mukhtar Ramalan Yero ya karɓi rantsuwa. Ranar da kowannensu ya hau, ba wanda ya zaɓe shi gwamna, kujerar mataimaki ce ta kai shi.

Saboda haka idan ana gardama a majalisun Unguwar Sarki da Tudun Wada, ko a teburin mai shayi a Kawo, kan ko ya dace shugaban ƙasa mai neman wa'adi na biyu ya ajiye mataimakinsa ya ɗauko wani, bai kamata a fara da lissafin ƙuri'a ba. Wanda ake zaɓa shi ne mutumin da zai riƙe ƙasa idan ta Allah ta kasance. Sauran dalilan suna da nauyinsu, amma a bayan wannan suke.

Abu biyu ake cakuɗawa idan an ce "a sauya shi". Na farko shi ne ƙin sa sunansa a tikitin zaɓe mai zuwa, kuma wannan haƙƙin ɗan takara ne. Sashe na 142 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce takarar shugaban ƙasa ba ta inganta sai ya gabatar da abokin takara daga jam'iyyarsa. Bai ce dole sai wanda suke mulki tare ba, kuma ba a yi wa mataimaki zaɓen fidda gwani. Na biyu shi ne cire shi daga kujera kafin wa'adi ya cika, wannan kuwa ba ya hannun shugaban ƙasa ko kaɗan. Obasanjo ya gwada a ƙarshen 2006, bayan Atiku Abubakar ya koma jam'iyyar AC: fadarsa ta sanar cewa kujerar mataimaki babu kowa a kanta. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba shi da wannan iko, kotun ƙoli ta tabbatar a Afrilun 2007, Atiku ya ci gaba da zama mataimaki har 29 ga Mayu.

Idan ba mutuwa ko murabus ko rashin lafiyar da likitoci suka tabbatar ba, tsigewa kaɗai ta rage, kuma sashe na 143 ya tsaurara ta. Sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar tarayya sun sa hannu a takardar zargi, wato mutum 157 cikin 469. Sai kowace majalisa ta amince da bincike da kashi biyu cikin uku: sanatoci 73 cikin 109, wakilai 240 cikin 360. Daga nan Alƙalin Alƙalai ya naɗa kwamitin mutum bakwai, a ba su har wata uku, idan sun same shi da laifi a sake neman kashi biyu cikin uku a kowace majalisa. A shekarar zaɓe, lokacin da kowane ɗan majalisa ke fafutukar tikitinsa, tara wannan adadi sau biyu ba ƙaramin aiki ba ne.

Ma'anar wannan a aikace ita ce shugaban da ya ajiye mataimakinsa zai ci gaba da zama da shi. A zagayen zaɓen 2023, jam'iyyu sun miƙa wa INEC sunaye a Yunin 2022, aka yi zaɓe 25 ga Fabrairun 2023, aka rantsar 29 ga Mayu. Kusan shekara guda ke nan. Duk tsawon wannan lokaci mutumin da aka ce ba a so shi ne shugaban Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni 36 da gwamnan Babban Banki ke zama. Yana da kujera a majalisar tsaro, yana jin abin da ake faɗa. Kuma idan shugaba ya rasu a cikin watannin nan, sashe na 146 shi zai ba ƙasa, ba sabon da aka liƙa hotonsa a fasta ba.

Dalilin da aka fi kawowa shi ne ƙuri'a: wane zai kawo miliyan kaza daga yankinsa. Wannan ne dalili mafi rauni, kuma Kaduna shaida ce. Mai zaɓe a Rigasa ko Sabon Tasha idan an miƙa masa takarda, babu sunan shugaba a kai balle na mataimaki. Alamomin jam'iyyu ne a jere, tsintsiya da lema da sauransu, ya dangwala yatsa a gefen wadda ya riga ya ƙudurta tun daga gida. Namadi Sambo ɗan Kaduna ne, tsohon gwamna, mataimakin shugaba mai ci, amma Jonathan ya sha kaye a jihar a 2011, ya sake sha a 2015 da ƙuri'a 484,085 a gaban 1,127,760 na Buhari. A zaɓen 2023 Peter Obi ya ɗauki Yusuf Datti Baba-Ahmed, ɗan Zariya, ya zo na uku a jihar da 294,494, bayan Atiku mai 554,360 da Tinubu mai 399,293, kuma ƙarfin ƙuri'ar tasa daga kudancin jihar ya fito, ba daga Zariya ba. Ifeanyi Okowa yana gwamnan Delta mai ci lokacin da Atiku ya ɗauke shi, amma Obi ne ya ci Delta. Kashim Shettima, abokin takarar Tinubu, ya riƙe Borno, sai dai sauran jihohi biyar na Arewa maso Gabas Atiku ne ya lashe su.

Ba wai mataimaki ba ya ƙara komai ba. Abin da yake iya kawowa shi ne gwamnoni da shugabannin jam'iyya da wakilan rumfuna, mutanen da za su tsaya a mazaɓu 255 na ƙananan hukumomi 23 na jiha irin Kaduna har a ƙirga a sa hannu. Yana kuma iya taimakawa a tsallake kashi 25 cikin ɗari a jihar da ba za a ci ba, tunda sashe na 134 yana buƙatar haka a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24. Amma irin wannan taimako ana samunsa ta hanyar yarjejeniya da gwamnonin ko da ba a taɓa tikiti ba. Shugaba mai ci ana yi masa hukunci ne da farashin buhun masara a kasuwar Saminaka, da kuɗin taki, da ko manomin Birnin Gwari ya iya zuwa gonarsa. Sabon suna a fasta ba ya goge wannan.

Dalili na biyu ya fi nauyi, shi ne addini da yanki. A nan ma Kaduna ta gwada kafin tarayya. A zaɓen 2019 Nasir El-Rufai ya ɗauki Dakta Hadiza Sabuwa Balarabe, Musulma daga Sanga a kudancin jihar, a maimakon Barnabas Yusuf Bala, wanda aka fi sani da Bantex. Ya ci da 1,045,427 a kan 814,168 na Isa Ashiru. Masu son sauyi suna kafa hujja da wannan: an karya al'ada, an yi ta hayaniya, kuma an ci zaɓe. Amma akwai abu biyu da suke tsallakewa. Bantex ba korarsa aka yi ba, takarar sanatan Kaduna ta Kudu ya fita nema a jam'iyyar, kuma ya ƙarasa wa'adinsa na mataimaki, don haka babu wani da aka ɓata wa rai da ya koma gefe yana jiran ramuwa. Sannan ƙorafin bai mutu da zaɓen ba. A 2023, da irin wannan tikiti, Uba Sani ya ci da 730,002 a kan 719,196, ratar da ba ta kai dubu goma sha ɗaya ba. Abubuwa da yawa ne suka haɗu suka matse ratar, amma duk wanda ya san hirar da ake yi daga ƙetaren gada, Barnawa da Kakuri har Kafanchan, ya san maganar tikiti tana ciki.

A matakin tarayya lissafin ya danganta da wane ne shugaban. Idan Kirista ne daga Kudu, mataimakinsa Musulmin Arewa ne, tambayar kawai daga wace shiyya. Idan Musulmi ne daga Kudu, kamar Abiola da ya ɗauki Babagana Kingibe a 1993 da Tinubu da ya ɗauki Shettima a 2023, hanya uku ce a gabansa. Ya bar tikitin yadda yake, ya ci gaba da ɗaukar fushin Kiristocin Filato da Binuwai da Taraba da kudancin Kaduna, fushin da ya riga ya san girmansa tun zaɓen farko. Ko ya ɗauko Kiristan Arewa: zai huce wa waɗannan zuciya, abu ne da ke da amfani ga zaman ƙasa ba ga zaɓe kaɗai ba, amma za a karanta shi a masallatai da kasuwannin Kano da Katsina da Sakkwato a matsayin an ci moriyar ganga an yada kwaurenta, kuma ba shi da ma'aunin da zai gaya masa nawa zai rasa kafin ranar zaɓe. Ko kuma ya musanya Musulmi da Musulmi, ya bar Arewa maso Gabas ya koma Arewa maso Yamma, saboda rajistar 2023 ta nuna masu zaɓe sama da miliyan 22 a Yamma, kimanin miliyan 12 da rabi a Gabas. Wannan ta ukun ita ce mafi ƙarancin riba. Ba ta amsa ƙorafin addini ba, ta kuma buɗe sabuwar gaba a cikin gida. An ga alamarta a Gombe a Yunin 2025, inda taron jiga-jigan APC na Arewa maso Gabas ya watse da hatsaniya don kawai an ambaci goyon bayan shugaba ba a haɗa da sunan mataimaki ba. Ba a sauya kowa ba, suna kawai aka tsallake.

Sai a duba inda wanda aka ajiye yake nufa, domin a nan ne asarar take. A Malawi, Peter Mutharika ya ɓata da mataimakinsa Saulos Chilima, ya ɗauki wani a zaɓen 2019. Chilima ya kafa jam'iyyarsa ya tsaya takara, kotu ta soke zaɓen a Fabrairun 2020, ya haɗa kai da Lazarus Chakwera suka kayar da Mutharika a watan Yuni. A Gana kuwa, Jerry Rawlings ya rabu da Kow Arkaah ya ɗauki John Atta Mills a 1996. Arkaah ya koma ya zama abokin takarar John Kufuor, amma Rawlings ya ci abinsa. Bambancin ƙasashen biyu shi ne Chilima yana da magoya baya nasa na kansa, musamman matasa, Arkaah kuwa daga ƙaramar jam'iyyar ƙawance ya fito, ba shi da rundunar da zai tafi da ita. Wannan ne ya kamata masu ba da shawara su auna da gaske: idan ya fita, gwamna nawa, sanata nawa, shugaban jam'iyya na jiha nawa za su bi shi, ko su zauna a ciki su naɗe hannu ranar zaɓe? Naɗe hannun ya fi fita haɗari, don ba a ganinsa sai sakamako ya fara shigowa.

Amurka ta ga fuska biyu na lamarin. Franklin Roosevelt ya ajiye Henry Wallace ya ɗauki Harry Truman a 1944, ya ci zaɓe, ya rasu a Afrilun 1945, Truman bai cika wata uku a kujerar mataimaki ba ƙasa ta faɗo hannunsa ana tsakiyar yaƙin duniya. Abraham Lincoln ya rabu da Hannibal Hamlin a 1864, aka haɗa shi da Andrew Johnson don jawo ƙuri'ar wani ɓangare, aka kashe Lincoln a Afrilun 1865, mulkin Johnson ya ƙare a rigima da majalisa har ya tsira daga tsigewa da ƙuri'a ɗaya. Duka biyun an ci zaɓe. Abin da ya raba su shi ne irin mutumin da aka bar wa ƙasa.

A gida, daga 1979 zuwa 2019 babu shugaba mai ci da ya shiga zaɓe da sabon mataimaki. Shagari ya riƙe Alex Ekwueme a 1983, Obasanjo ya riƙe Atiku a 2003, Jonathan ya riƙe Sambo a 2011 da 2015, Buhari ya riƙe Yemi Osinbajo a 2019. Buhari ya sauya abokan takara sau da dama, Okadigbo da Ume-Ezeoke da Bakare, amma a lokacin yana adawa, ba mai kujerar da za a ƙwace. A jihohi an yi: Tinubu da kansa ya rabu da Kofoworola Bucknor-Akerele a Legas ya shiga zaɓen 2003 da Femi Pedro, ya ci. Sai dai mataimakin gwamna ba ya ɗauke da nauyin shiyya guda a kansa.

Hujja mafi ƙarfi da masu son sauyi ke da ita tana cikin wannan jerin, ita ce 2003. Obasanjo ya riƙe Atiku alhali amana ta riga ta tsage, saboda gwamnonin PDP da yawa suna bayan Atiku. An ci zaɓe, amma wa'adi na biyu ya tafi a yaƙin cikin gida: rikicin ta-zarce da majalisar dattawa ta binne a Mayun 2006, tonon silili kan kuɗin asusun bunƙasa fasahar man fetur na PTDF, shari'a bayan shari'a. Ƙasa ta yi shekaru shugaba da mataimakinsa ba sa ga maciji. Idan alaƙa ta kai nan, riƙe mataimaki don gudun fushin yanki cutar da jama'a ne. Akwai ma'auni mai sauƙi da ake iya gane hakan da shi, sashe na 145: shin shugaba yana iya rubuta wa majalisa wasiƙa ya miƙa wa wannan mutum riƙon ƙasa idan zai tafi jinya ko hutu? Buhari ya yi wa Osinbajo haka a 2017, har sama da kwana ɗari a tafiya guda. Rashin irin wannan wasiƙa ne ya jefa ƙasa cikin ruɗani lokacin jinyar 'Yar'aduwa, daga Nuwamban 2009 har majalisa ta nemo mafita a Fabrairun 2010. Shugaban da hannunsa ke rawa wajen rubuta wasiƙar, yana da dalilin sauyi na gaskiya. Wanda ke rubuta ta hankali kwance, ba shi da shi.

Yana da kyau kuma a lura da masu kiran sauyin. Kujerar mataimaki a wa'adi na biyu ana kallonta a matsayin matakalar gado, musamman idan tsarin karɓa-karɓa zai dawo da mulki yankin mataimakin. Da yawa daga cikin masu cewa "ba ya kawo ƙuri'a" ba zaɓen da ke tafe suke hange ba, na bayansa suke yi wa shiri. Tarihi bai goyi bayan wannan buri sosai ba: Atiku ya zo na uku a 2007, Osinbajo ya samu ƙuri'a 235 a zaɓen fidda gwani na APC a 2022 inda Tinubu ya samu 1,271. Amma burin yana nan, kuma shugaban da ya buɗe ƙofar zai tarar da mutum biyar a bakinta. Ɗaya zai ɗauka, ya ƙara huɗu a kan wanda ya ajiye. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Sabon mutum kuma yana zuwa da haɗarin takardu. Mataimaki mai ci ya riga ya bi ta hannun INEC da kotuna, abokan hamayya sun tona abin da za su tona. Sabo kuwa daga farko za a fara, kuma tikiti ɗaya ne, idan ya faɗi da shugaban zai faɗi. A Bayelsa, ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana jajibirin rantsuwa, kotun ƙoli ta rushe nasarar David Lyon na APC saboda saɓanin sunaye a takardun da mataimakinsa ya miƙa, aka rantsar da Douye Diri. Shettima ma an kai shi har kotun ƙoli kan zargin tsayawa takara biyu, sanata da mataimaki, sai 26 ga Mayun 2023 aka kori ƙarar, kwana uku kafin rantsuwa. Don haka kafin a furta suna, lauyoyi su ɗauki takardar haihuwa, shaidar firamare da sakandare, ta jami'a, ta hidimar ƙasa, su jera su a tebur su duba harafi da harafi, duk inda suna ya canza a ga rantsuwar kotu da ta halatta canjin. Idan ya riga ya karɓi tikitin sanata ko gwamna, takardar janyewarsa ta riga ta sabuwar takara isa INEC, da kwanan wata a bayyane. Idan gwamna ne mai ci, a duba wanda zai gaje shi, don ɗauke Sambo a 2010 ya sauya siyasar Kaduna gaba ɗaya.

Lokaci ma yana da ƙa'ida, ba a fafe gora ranar tafiya. A Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, da zarar an miƙa suna ba a canza shi sai da mutuwa ko janyewa, kuma janyewar sai da wasiƙar da ɗan takarar ya sa wa hannu ya kai wa jam'iyya da kansa, ta isa INEC aƙalla kwana 90 kafin zaɓe. Wannan ya sa Tinubu ya fara sa sunan Kabiru Masari, Obi ya sa Doyin Okupe, a matsayin na wucin gadi. Shugaba mai ci ba shi da wannan sarari. Idan ya sa na wucin gadi, ya riga ya sanar da duniya cewa ya ajiye mataimakinsa. Idan ya sa sunan mataimakin, mabuɗin ya koma aljihun mataimakin, shi kaɗai zai iya janyewa. Dole a yanke shawara kafin ranar da jadawalin INEC ya rufe karɓar sunaye, a kuma karanta dokar da ke aiki a zagayen, don majalisa tana yawan taɓa waɗannan kwanaki.

Idan an auna duka aka ga sauyin ya zama dole, tsarin yinsa yana rage ɓarna. Shugaba ya fara gaya wa mataimakin baki da baki, kada ya ji a rediyo ko a Facebook. A zauna da gwamnonin shiyyarsa da dattawanta kafin sanarwa, magajin kuma ya fito daga shiyyar, sai fa idan gyaran daidaiton addini ne ainihin manufar, wanda a nan sai a fito a faɗe ta a fili a kare ta. Sanarwar ta fito daga bakin mai tafiya, kamar yadda Bantex ya yi, yana da inda ya dosa. Hanya mafi tsafta ita ce ya yarda ya yi murabus da wuri, shugaba ya yi amfani da sashe na 146 ya miƙa sunan magaji ga majalisun biyu su amince, sabon ya shiga zaɓe yana mataimaki mai ci, wanda ke kan fasta ya zama shi ne wanda kundin tsarin mulki zai miƙa wa ƙasa. Wannan ba ya ɗaukar lokaci idan an shirya majalisa: an rantsar da Jonathan 6 ga Mayun 2010, Sambo ya karɓi rantsuwa 19 ga wata, kwana goma sha uku tsakani.